Girgiza, Dishi-dishi da Yashi: Sunayen Ciwon Hoton Ƙwallon Yamma a Sharaɗa

"Hoton bai fito ba." Abin da ake ji ke nan daga bakin duk wanda ya je ɗaukar wasan ƙwallon yamma ya dawo da abin da ba ya nunuwa. Maganar gajeriya ce, amma ta haɗiye cututtuka uku waɗanda ba dangin juna ba ne, kowacce da sanadinta da maganinta. Mai hoton da bai iya raba su ba sai ya ɗora wa kyamara laifin duka, ya shiga tarin kuɗin wata, alhali wataƙila ta hannunsa ba ta yi masa komai ba. Ni a ganina rabin gyaran yana cikin suna, kuma Hausa ta riga ta raɗa wa cututtukan nan sunaye masu kyau, waɗanda suka fi na jikin kwalin kyamara faɗin gaskiya.

Babu inda matsalar ta fi fitowa fili kamar unguwannin masana'antun Kano. Bompai ce babbar yaya, tun zamanin Turawa aka fara kafa kamfanoni a cikinta. Sharaɗa ta biyo baya da rukunanta uku, sai Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, inda majemun zamani suka yi sansani. Matashin da ke aiki a kamfanin roba ko na fata ba shi da safiya, ba shi da azahar. Ƙwallonsa ta bayan tashi daga aiki ce, a filayen ƙasa da ke tsakanin katangun kamfanoni da unguwannin da suka kewaye su, irin su Ja'en da Dakata da Fanshekara. To Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, kuma a irin wannan wuri rana ba ta jan ƙafa wajen faɗuwa. A watan Disamba wajen ƙarfe shida ta tafi, hasken da take bari a baya kuma minti ashirin da 'yan kai ne. Ga ƙurar hunturu da ke cinye hasken tun kafin ranar ta kai ƙasa. Saboda haka zagaye na biyu, inda ake raba gardama, inda ake cin ƙwallon da za a yi mako ana labarinta, a bakin almuru yake faɗowa. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, gidan Kano Pillars, ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da Kofin Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. An gina shi da sanin za a ɗauke shi a talabijin. Filin bayan kamfani kuwa ba wanda ya yi masa wannan tanadi.

Ga yadda gogaggen mai hoto yake raba cututtukan. Yaronsa ya miƙo masa kyamara, ya ce, "Maigida, duba, duk sun lalace." Maigidan ba zai ce komai ba tukuna. Zai zuƙo hoton a allon bayan kyamara har ɗan wasan ya cika shi, sannan ya bi shi gaɓa-gaɓa. Idan ƙirji da lambar riga sun fito, amma ƙafar da ta yi shuri da ƙwallon sun ja jela, sai ya ce, "Wannan girgiza ce, ka yi nawar ƙiftawa." Idan ɗan wasan gaba ɗayansa ya yi laushi, amma katangar kamfanin da ke can bayansa ta fito tar har ana ƙirga bulo da wayar da ke kanta, sai ya ce, "Dishi-dishi ne, saitinka ya tafi katanga." Idan kuwa komai yana wurinsa, sai dai fuska da sararin sama sun cika da ɗige-ɗige ja da kore, sai ya ce, "Yashi ne, wannan ba laifinka ba ne, haske ne ya yi kaɗan."

Girgiza ba ta da wuyar ganewa. A gaban abin da ke karɓar hoto akwai labulen da ke buɗewa ya rufe, masu sana'a suna ce masa shota, lokacin da yake ɗauka a buɗe kuma ƙiftawa ce sunan da ya fi dacewa da shi. Ɗan ƙwallon da ke gudu yana buƙatar ƙiftawar kashi ɗaya cikin 1000 na sakan kafin ya tsaya cak a hoto. A kashi ɗaya cikin 500 jiki yakan tsaya, ƙwallo da ƙafa su ɗan ja. Matsalar ita ce duk lokacin da ka ninka saurin ƙiftawa, ka raba hasken da ke shiga biyu. Nan ne girgiza take miƙa ka hannun yashi.

Yashi suna ne da muka gada daga tsohuwar talabijin, lokacin da tasha ta rufe allo ya cika da tsaki-tsaki. Turawa hayaniya suke ce masa, sun aro sunan daga duniyar rediyo da sauti, namu kuwa daga ido ya fito, kuma ya fi kama da abin. Sanadinsa yana cikin sensa, wato faifan lantarkin da ya gaje wurin fim. Har yau muna cewa a wanke hoto, ko da yake ruwa ya daina taɓa shi, amma fim ɗin da ake wankewa ya ba da wuri tun da daɗewa. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro faifan farko a 1969 a Amurka, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009, sannan a 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta farko a kansa. Haske ba malalowa yake yi ba, ɗigo-ɗigo yake sauka, ba bisa tsari ba. Ka tuna mai tarar ruwa a lokacin yayyafi: wanda ya ajiye gwangwanayen madara zai tarar wani ya sami ɗigo uku, wani ɗigo goma, babu biyun da suka zo ɗaya, wanda ya ajiye baho kuwa zai sami abin da ya isa a auna. Wannan rashin daidaito tsakanin ɗigon hoto da maƙwabcinsa shi ne yashi. Da rana tsaka ba a ganinsa, don kowane ɗigo ya ƙoshi. Da magariba, faɗin faifai ne ke magana.

Akwai lambar da ake kira ISO, wadda yara masu koyo suke ɗauka ƙarin haske ce. Ba ta ƙara ko ɗigo ɗaya. Sunan na hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ne, wadda a 1974 ta haɗe ma'aunin fim na Amurka da na Jamus wuri guda, sai lambar ta biyo mu zamanin dijital. Abin da take yi kawai shi ne ta kumbura ɗan abin da faifai ya tara, mai kyau da yashinsa gaba ɗaya. Da za a bi ta tawa, da ƙari ko kumburi za a riƙa ce mata, don mai koyo ya san bashi yake ci.

Sunayen girman faifai ne suka fi ba ni haushi, domin kusan babu ɗaya da ke faɗin abin da yake aunawa. Ɗauki wanda ake kira ful-firem, cikakken faifai. Cikakke a kan me? A kan fim ɗin milimita 35, wanda Oskar Barnack ya ɗauko daga masana'antar sinima ya sa a kyamarar Leica da ta shiga kasuwa a 1925. Faɗin hoto ɗaya a kan wannan fim milimita 36 ne da 24, wato murabba'in milimita 864. Wannan awo na shekara ɗari da ta wuce shi ne cikar. Ba iyakar girma ba ce, akwai faifan da ya fi shi. Amma sunan ya sa duk mai riƙe da abin da bai kai shi ba yana jin kamar rabin kyamara gare shi.

Mai bi masa shi ne APS-C, kuma shi ne a hannun akasarin masu hoton biki da na ƙwallo a Kano. Haruffan sunan wani fim ne da ya fito a 1996, ya mutu bayan 'yan shekaru da dijital ta danne shi, ya bar wa faifai sunansa. A kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm awonsa kusan milimita 23.5 ne da 15.6, na Canon ya ɗan fi ƙanƙanta. Cikakken faifai ya ninka shi faɗi sau biyu da ɗan ɗori. Sai wanda ake kira inci ɗaya, wanda shi kam sunansa yaudara ce tsagwaronta. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, faifan kuwa milimita 13.2 ne da 8.8, ko ka auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa bai cika 16 ba. Incin na kaurin kwalbar gilashin da ke cikin tsofaffin kyamarorin talabijin ne, waɗanda aka daina aiki da su tun tuni. Kwalbar ta tafi, awonta ya zauna. Daga wannan lissafi ne ake samo lambobi irin 1/2.55 da ake rubuta wa faifan waya, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kuma cikakken faifai ya ninka shi fiye da sau talatin.

A kasuwar waya ta Farm Centre ba a tambayar wannan. Tambayar ita ce, "Malam, megafiksal nawa ce?" Mai kanti ya ce 50, ko 108, ciniki ya faɗa. Megafiksal ƙidayar ɗigo ce, miliyan nawa aka yanka faifan, ba ta ce komai a kan faɗinsa ba. Masu ƙera wayar ma sun san haka, shi ya sa wayar mai 108 take haɗe ɗigo tara-tara ta ba ka hoton megafiksal 12, mai 50 kuma ta haɗe huɗu-huɗu. Kyamarar Nikon D3, wadda ta fito a 2007 ta sauya yadda ake ɗaukar wasannin dare a duniya, megafiksal 12 kacal gare ta, sai dai a kan cikakken faifai. Ba raina waya nake yi ba. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel ya yi suna a Afirka ne saboda ya kula da yadda baƙar fata take fitowa a hoto, abin da manyan kamfanoni suka daɗe suna sakaci da shi, kuma wannan abin yabo ne. Amma tsarin nan da ake kira yanayin dare, hotuna da yawa yake ɗauka a jere ya jera su a kan juna. Yana yi wa mutum mai tsaye aiki sosai. Ɗan wasan da ke gudu kuwa, kafin a ɗauki na biyu ya bar wurin.

Duk da haka, kada wanda ke da APS-C ya yi saurin sayar da ita. Faifai ba ya karɓar abin da gilashin gaba bai shigo da shi ba. Wannan gilashi, lens, sunan wani ɗan wake ne mai faɗi a Latin, haka ma Larabawa suka kira shi adasa, daga adas. A jikinsa akwai lambar ƙofar da haske ke shiga ta cikinta, kuma a juye take tafiya: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ƙofar f/2.8 tana shigo da ninki huɗu na hasken f/5.6. Gilashin da ake haɗowa da kyamara a kwali, da ka zuƙo shi ƙarshe a 5.6 yake tsayawa, wani ma ya wuce. Yi lissafin da kanka. Inda mai f/2.8 yake ɗauka a ISO 3200, mai f/5.6 sai ya hau 12800 kafin ya sami ƙiftawa iri ɗaya. Cikakken faifai ya ba ka ninki biyu da ɗori, babbar ƙofa ta ba ka ninki huɗu. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya tak, gara ya nemi gilashi na hannu mai f/2.8, irin mai milimita 70 zuwa 200 da masu hoton wasanni suka dogara da shi, ya ɗaura wa tsohuwar kyamararsa. Ƙaramin faifai ma yana da ladansa a fili, domin yana matso da abu: gilashin 200 a kansa yana kamo abin da na 300 zai kamo a kan cikakke.

Saura dishi-dishi, wanda shi ya fi cin rai, don hoton da ya yi yashi ana iya rage masa a kwamfuta, wanda saiti ya kuskure kuwa ya tafi ke nan. Kalmar da Turawa ke amfani da ita, fokas, murhu take nufi a Latin. Johannes Kepler ne ya shigo da ita lissafi a 1604, kuma duk wanda ya taɓa tara hasken rana da gilashi a kan takarda har ta yi hayaƙi ya san dalilin da sunan ya zauna. Mu saiti muke cewa, kalmar maharba da makanikai, kuma ta fi dacewa da filin ƙwallo, domin saiti abu ne da ake yi a kan wani abu takamaimai, kuma ana iya kuskure shi. Inda aka samu tangarɗa shi ne da aka liƙa masa otomatik. Tun daga Konica C35 AF ta 1977 da Minolta 7000 ta 1985, kyamara ta karɓi aikin murɗa gilashi daga hannun mutum. Ba ta karɓi aikin zaɓe ba. Mai koyo ya ji otomatik, sai ya sakar mata komai, ita kuwa abin da ya fi fitowa fili take kamawa, kuma a filin Sharaɗa da almuru abin da ya fi fitowa fili shi ne farar katanga da rubutun jikinta.

Hanya biyu kyamara take bi wajen saiti, zan kira su lalube da awo. Mai lalube tana tura gilashi gaba, ta dawo da shi baya, tana duba inda gefen abu ya fi kaifi. Ba ta san ta wane ɓangare za ta nufa ba sai ta gwada. Da haske ya ragu za ka ji gilashin yana kai-komo a hannunka, hoton ya taho ya wuce ya dawo, ƙwallo kuwa tana raga. Mai awo tana kwatanta hasken da ya shigo ta gefen dama na gilashi da wanda ya shigo ta hagu, tazarar da ke tsakaninsu ta gaya mata inda za ta nufa da nisan da za ta yi, ta tafi kai tsaye. Ita ce ta wasanni. A da na'ura ce daban a ƙarƙashin madubin kyamara, yanzu an dasa ta a jikin faifan kansa, kamar yadda Canon ya yi a EOS 70D a 2013, har ta kai ga Sony a9 ta 2017 tana ɗaukar hoto 20 a sakan ɗaya tana bin ɗan wasa da saiti.

Amma lalube da awo duk abincinsu ɗaya: gefe, wato inda fari ya haɗu da baƙi. Baƙar riga a kan baƙar fata, cikin ƙurar da 'yan wasa ashirin da biyu suka tayar, rana ta faɗi, babu gefen da za a kama. Shi ya sa gwanaye ba sa ɗora ɗigon saiti a fuska a irin wannan lokaci. Lambar riga suke nema, ko inda farin wando ya rabu da cinya, ko wuyan riga. Kuma shi ya sa babbar ƙofa take biya sau biyu: tana rage yashi, tana kuma ba na'urar saiti hasken da za ta gani da shi.

Akwai wani maɓalli da sunayensa suka ɓatar da mutane da yawa. Saiti iri biyu ne, mai kamawa ya tsaya da mai bi. Na farko na ango da amarya ne. Na biyu shi ne na fili, yana sake awo muddin yatsa na kan maɓalli. Nikon da Sony suna rubuta masa AF-C, Canon kuma ya daɗe yana kiransa AI Servo, sunan da babu abin da yake gaya wa yaron da ya sayi kyamara ta hannu ba tare da littafinta ba. Mai hoton biki da aka gayyato wasan ƙarshe na gasar unguwa yakan zo da kyamararsa a kan na ango da amarya, ya koma gida da dishi-dishi cike da kati, ya ce duhu ne. Da an ce masa saiti mai bi, da bai buƙaci littafi ba.

Nan ne kuma girman faifai yake dawowa ta bayan gida. Saiti ba layi ba ne siriri, yana da kauri: akwai tazara gaba da bayan inda aka saita wadda komai na cikinta yake fitowa. Kaurin saiti zan kira ta. Babban faifai da babbar ƙofa, waɗanda suka cece ka daga yashi, su ne kuma suke rage wannan kauri. Da gilashin 200 a f/2.8 kan cikakken faifai, ɗan wasan da ke nisan mita 15 yana cikin kaurin da bai cika mita ɗaya ba. Idan ya nufo ka da gudun mita 7 a sakan, kafin ka ƙifta ido sau ɗaya ya fita. Wato wanda ya sayi cikakken faifai bai huta ba, ya ƙara wa saitinsa nauyi ne. Waya kuwa, saboda ƙanƙantar faifanta, kusan komai yana cikin kaurinta, don haka da wuya ta yi dishi-dishi; girgiza da yashi ne ke kashe ta. Mai tsayuwa a gefen fili, inda 'yan wasa ke gilmawa ta gabansa, ya sauƙaƙa wa saiti aiki fiye da mai tsayuwa a bayan raga inda ake tunkaro shi. Idan kuma ya juya wa yamma baya, ragowar hasken rana zai sauka a fuskokin 'yan wasan maimakon ya shiga gilashinsa.

Akwai ciwo na huɗu da ban taɓa jin an raɗa masa suna ba, kuma sai a wasannin dare na watan azumi yake fitowa, lokacin da ake ɗaura fitilu a kan sanduna a ja su da janareta. Za ka ɗauki hoto biyar a jere, ɗaya ya yi haske, na biye ya yi duhu, wani rabinsa kore rabinsa ja-ja. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a sakan, don haka fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma ƙiftawar kashi ɗaya cikin 1000 tana faɗawa tsakani. Canon ya sa wa 7D Mark II ta 2014 tsarin da ke jiran fitila ta cika kafin ya saki shota, wasu kamfanonin ma suka yi nasu. Sai dai tsarin ya dogara ne da wuta mai tafiya daidai, janaretan da aka ɗora wa lodi kuwa yana hawa yana sauka, wani lokaci kyamarar ta kasa gane bugunsa. A irin wannan dare abin yi shi ne a ɗauka da yawa a jere a tsince masu kyau, a kuma tsaya kusa da sandar da fitilarta ta fi ƙarfi a jira wasa ya iso ƙarƙashinta. Ƙyaftawar fitila nake ce masa, kafin masu sana'ar su samo wanda ya fi shi zama a baki.